Saura Tayi Biyu

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Sau biyu ina ɗauko littafin daga ƙasan akwati ina mayarwa, don karatuna bai wuce firamare ba, ita ma kwana ɗaya a aji, kwana ɗaya a bayan awaki muka yi ta. Rubutuna kamar kaza ta yi tonon tsaba a kan takarda. Baba ne ya matsa, wai tunda idonsa ya buɗe yana son abin karantawa wanda ba littafin waƙoƙin coci ba. To ga shi, Baba. Inda ka ga na tsallake wani abu, kada ka tambaya.

Sunana Jorunn, shekarata ashirin da uku. Har ranar Talatar nan ta watan Yuni ban taɓa taka birnin Alesund ba, duk da cewa tafiyar awa biyar ce a jirgin ruwa daga kwarinmu. Ina na ga lokacin zuwa? Tun da Mama ta rasu shekara shida da suka wuce cutar yanar ido ta fara rufe idon Baba. Ni ce tatsar awaki, ni ce yankan ciyawa, ni ce riƙe masa hannu zuwa coci. Maganarta ta ƙarshe a gare ni ita ce, "Ki zama idon babanki." Na ce to. Ban san wannan to ɗin yana da nauyi ba sai da Eilif ya zo.

Bara warhaka ya zo tare da masu kafa falwayar lantarki. A rumbun ciyawarmu ya kwana sati shida, a teburinmu ya ci abinci. Ɗan birni ne, dogo, mai manyan kunnuwa da suke yin ja idan ya ji kunya. Ranar farko Goggo Petrine, ƙanwar Baba, ta miƙa masa farantin fanke, sai kawai ya ce na gode ya ɗauki biyu. Goggo ta ja ni kicin tana dafe da ƙirji, wai wace irin uwa ce ta raini wannan yaro.

Don a wajenmu ba a karɓar abu a tayin farko. Ko yunwa za ta kashe ka, cewa za ka yi ka ƙoshi. A na biyu ka ce kada a wahala saboda kai. Sai a na uku kake miƙa hannu, shi ma kana cewa ɗan kaɗan. Mai gida ya san aikinsa, baƙo ya san nasa, ba wanda yake tashi da yunwa. Eilif bai taɓa lura ba, tunda shi kullum baƙo ne, ba a taɓa barinsa ya yi wa wani tayi ba.

Bayan tafiyarsa ya aiko mini wasiƙa biyar. Guda ɗaya na amsa, ita ma layi uku: ranar da za a yi wa Baba aikin ido, da sunan jirgin da za mu shigo, da gaisuwa.

Tun ƙarfe huɗu na asuba muka fito. An hana Baba cin komai kafin aikin, ni ma sai na ƙi ci, don kada ya ji ƙamshin abinci a bakina. Wajen sha biyu aka tura shi ciki a kan gado mai taya. Na tambayi nas inda zan zauna in jira. Ta dube ni ta yi murmushi, ta ce ba za a bar kowa ya gan shi ba sai shida na yamma, in je in ga gari.

Awa shida, kuma ba wanda zai kira sunana. Na tsaya a bakin ƙofar asibiti na rasa yadda zan yi da hannuwana.

Eilif yana can jingine da katanga, ya ɗaura lakataye, hularsa a hannu.

"Jorunn. Kin zo."

"Baba na kawo."

"Na sani. Layi uku ce wasiƙar, na haddace ta."

Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Da na saci kallonsa sai na ga kunnuwan sun yi ja.

Ban san yadda zan rubuta garin ba. A kwarinmu gida gida ne: bangon katako huɗu, rufi, ciyawa a kan rufin. A nan kuwa gidajen dutse ne sun jeru kafaɗa da kafaɗa, kowanne da hasumiyarsa mai tsini kamar ya sa hular biki. A jikin bango an sassaƙa furanni da fuskokin mata masu dogon gashi, har da kawunan dodanni suna leƙo mutane daga sama. Sau biyu ina yin tuntuɓe saboda kaina yana sama. Eilif ya ce in na faɗa ruwa shi bai iya iyo da lakataye ba.

Ruwan ma a tsakiyar gari yake. Teku ta ratso tsakanin gidaje kamar titi, jiragen masunta suna tsaye a ƙofar shaguna kamar yadda muke ɗaure doki. Ko'ina warin kifi da kwalta da gishiri, tsuntsayen teku suna ihu, mata suna wucewa da takalma masu tsini ba wadda ta gaida wata. Ni kam duk wanda muka haɗa ido da shi sai na gaishe shi, har Eilif ya ce in haka zan yi, ba za mu kai ƙarshen titin ba sai jibi.

Baba ya sha ba ni labarin daren da garin nan ya ƙone ƙurmus yana yaro, wai daga kwarinmu suka ga sama ta yi ja. Na taɓa bangon wani kantin magani da tafin hannuna, sanyi ƙalau, santsi. Na ce a raina, ashe abin da ya zama toka yana iya tashi ya fi da kyau.

Muka leƙa coci. Ba kowa sai wani da yake gwada molon cocin mai bututu a can sama. Rana ta ratso gilashin taga mai launi ta zuba ja da shuɗi a kan hannuna. Na juya hannun ina kallo. Da sautin ya sauko, a ƙirjina na ji shi kafin kunnena. Ban san hawaye ya zubo ba sai da Eilif ya miƙo mini hankici yana kallon wani wajen.

Daga nan ya ce mu je mu ci abinci.

Gidan abincin yana bakin ruwa, a hawa na biyu. Fararen ƙyallaye a kan tebura, cokula iri uku a gefen kowane faranti. Tun daga matakala ƙamshin bakalawo ya tare ni, wato busasshen kifi mai gishiri da ake dafawa da dankali da albasa da tumatir da mai har ya yi jajir. Jin labarinsa kawai nake yi, ban taɓa ɗanɗanawa ba. Cikina ya yi wata ƙara da na tabbata masuntan da ke ƙasa sun ji.

Wata dattijuwa mai farin gashi ta zo ta tsaya a kanmu da ɗan littafi. Eilif ya ce nan ne aka fi iya bakalawo a duk garin, ya tambaye ni ko zan ci.

"A'a, na gode. A ƙoshe nake."

"Kin ci a jirgi ke nan?"

"Kada ka damu da ni."

Sai ya ce to, ya rufe takardar abincin. Ya ce shi ma ba zai zauna yana ci ina kallonsa ba, a kawo mana gahawa biyu kawai. Dattijuwar ta dube ni, ta dubi rigar sanyin da na saƙa da hannuna, kamar za ta yi magana, sai aka kira ta daga wani teburin.

Na zauna ina jiran tayi na biyu. Ya yi maganar falwaya, ya yi maganar mahaifiyarsa da ciwon ƙafarta, ya tambayi lafiyar akuyar nan tamu mai tunkuyi da ta taɓa jefa shi a rafi. Ni kuwa idona yana kan farantin mutumin teburin kusa, yana dangwalar jan mai da burodi. Na sa ƙwayar sukari a tsakanin haƙorana na shanye gahawar. Tayi bai dawo ba. Na ce a raina, wataƙila a birni sai an ɗan jima ake maimaitawa.

Da muka fito ya nuna mini dutsen da ke bayan gari, Aksla, ya ce matakala ɗari huɗu da goma sha takwas ce zuwa sama. Na fara ƙirgawa, a ɗari biyu da wani abu lissafin ya ɓace, don haki ya kama ni. Ni da nake bin awaki kan duwatsun da suka ninka wannan sau biyar. Ya yi ta tsokanata wai ashe 'yar dutse ma tana haki. Ban ce masa yunwa ce ba.

A sama ya ce in rufe ido. Ya riƙe gefen hannun rigata ya kai ni bakin shingen ƙarfe, sannan ya ce in buɗe.

Allah mai iko.

Garin duka yana kwance a ƙarƙashin ƙafata, a kan tsibirai, kamar an zube kayan wasan yara a kan madubi. Hasumiyoyin da suka sa wuyana ciwo sun koma kamar allurai. Bayan garin wasu tsibiran, bayan su wasu, sannan ruwa kawai, ruwa har inda ya haɗu da sama ba a gane wanne ne wanne. Ni duk rayuwata tekun da na sani siririya ce, dutse a dama dutse a hagu, rana ma sai ta nemi izini take shigowa. Ban san akwai inda duniya take buɗewa haka ba gefe.

Ya juya ni wajen gabas. Duwatsu ne jere, masu kaifi, da dusar ƙanƙara a kawunansu. Ya nuna wani mai baki biyu ya ce a ƙarƙashinsa gidanmu yake. Na ɗaga babban yatsana na rufe shi. Gidanmu, da awaki, da Goggo, da kabarin Mama, da shekaruna ashirin da uku, duka yatsa ɗaya ya rufe su.

A nan ya cire hularsa. Ya ce hukumar lantarki ta ba shi zaɓi biyu. Ko ya zama mai kula da wayoyin yankinmu, da ɗan gida a tsallaken ruwa, tuƙin kwalekwale na awa ɗaya daga gonarmu. Ko ya tafi can ƙarshen arewa aikin shekara uku. Gobe ƙarfe tara jirgin arewa zai tashi, ko ya shiga, ko ya wuce ofis ya karɓi makullin ɗan gidan.

"Ba zan iya zama a tsallaken ruwa ina hango hayaƙin gidanku ba, in ba tawa ba ce ke," ya ce. "Jorunn, abar ƙaunata... za ki aure ni?"

Zuciyata ta amsa tun kafin ya rufe baki. Amma bakina na kwarinmu ne.

"A'a... ba zai yiwu ba, Eilif. Akwai Baba."

Gaskiyar magana, rabin wannan a'ar al'ada ce, rabi kuma Baba ne. Na riga na tsara a raina: in ya sake tambaya zan gaya masa maganar Mama, mu nemi dabara tare. In ya tambaya na uku kuma... ai ko Goggo ba za ta ce na yi rashin kunya ba.

Ya daɗe yana juya hular a hannunsa. Kunnuwan ba su yi ja ba, fari suka yi. Ya ce ya gane, ya ce dama ya yi zaton haka tunda wasiƙa biyar ba su samo masa komai ba sai layi uku. Ya ce ba zai takura mini ba, mace in ta ce a'a, namijin kirki ba ya maimaitawa. Haka mahaifinsa ya koya masa.

Muka fara saukowa, yana gaba ina baya. A kowace matakala ina cewa yanzu zai juyo. Wannan karon ban ɓata lissafi ba, ɗari huɗu da goma sha takwas cif, kuma bai juyo ba. A ƙasa ya nuna mini hanyar asibiti, ya ce in gaida Baba, ya ce zai je ya haɗa kaya. Ya miƙo mini hannu kamar wanda muka gama ciniki. Ina kallo ya sha kwana.

Na so in kira shi, na fasa. Ban taɓa kiran namiji a kan titi ba.

Saura awa ɗaya da rabi shida ta yi. Ƙafata ce ta mayar da ni gidan abincin, don nan kaɗai na sani a duk garin. Na zauna a kan matakala, kaina yana juyawa. Dattijuwar nan ta fito da bokiti ta gan ni. Ba ta tambaye ni komai ba, ta kama hannuna ta kai ni wani ƙaramin tebur kusa da kicin.

"Za ki ci abinci, 'yata?"

"A'a, Iya, na gode."

"Haba, ɗan kaɗan dai."

"Kada ki wahala saboda ni."

"Wahalar me, ga shi a kan wuta? Ki ci ko don kada in ji kunya."

"To... ɗan kaɗan."

Tana ajiye farantin na fashe da kuka, don tun safe sai yanzu aka yi mini magana irin ta gida.

Sunanta Magnhild, daga kwarin da ke bayan namu take, saƙar rigata ce ta tona ni. Ta ce shekara talatin ke nan tana garin. Satinta na farko a gidan da ta yi aikatau saura kaɗan yunwa ta kashe ta, uwar gida tana ta yaba mata wai yarinyar ba ta da ci.

Bakalawon nan, Baba, ban san da me zan kwatanta maka shi ba. Kifin yana rabewa fala-fala, gishirin teku a ciki, zaƙin albasa a waje, sai wani ɗan yaji da yake zuwa daga baya ya ɗumama har kunne. Ina ci ina kuka ina dangwala burodi. Ta ƙara mini sau biyu, kowanne da tayinsa uku.

Da na ƙoshi ta zauna ta tambayi ina dogon mai kunnuwan. Na gaya mata komai. Ta riƙe haɓa.

"Sau nawa ya tambaya?"

"Sau ɗaya."

"Ke kuma kika zauna jiran sauran. Yarinya, mutanen garin nan sau ɗaya suke tayi, ko na gahawa ko na aure. In kin ce a'a, sun ɗauka a'a kike nufi. Haka Allah ya yi su, ba mugunta ba ce."

Na ce ko da ya tambaya sau goma, akwai Baba. Ta ce wannan kuma ba ita za ta amsa ba, mai amsar yana kwance a asibiti, in tashi kada in makara.

Na sami Baba a kwance rigingine, an naɗe idanunsa biyu da farin ƙyalle, an tokare kansa da jakunkunan yashi don kada ya motsa. Nas ta ce aikin ya yi kyau, bayan kwana goma za a kwance, amma kada in sa shi dariya ko tari. Na riƙe hannunsa. Ya ce in ba shi labarin abin da na gano, tunda ni ce idon.

Na ba shi labarin hasumiyoyi da fuskokin bango, da launin da ya zuba a hannuna a coci, da tekun da ba ta da gefe. Na ce masa na rufe dutsenmu da yatsa ɗaya. Yana ta saurare, bakinsa a ɗan buɗe kamar yaro. Sannan ya ce duk wannan ya ji, amma wa ya nuna mini dutsen, kuma me ya sa muryata take kamar ta wadda ta dawo daga jana'iza.

Makaho ba a ɓoye masa murya. Na faɗa masa, har maganar Mama, wadda ban taɓa gaya masa ba.

Sai ya matse yatsuna.

"Ido uwarki ta ce ki zama, Jorunn, ba turken awaki ba. Kin yi shekara shida kina gani domina. Yau kin gano abin da ni ban taɓa gani ba, kin dawo kina son ki rufe ido ki zauna kusa da ni?"

"In aikin bai yi ba fa, Baba?"

"Petrine tana da ido biyu, kuma suna ganin har abin da ba a sa su ba. Tuƙin awa ɗaya kuma ba ƙarshen duniya ba ne."

Ya ce Mama sau huɗu ya yi mata tayi, wai na farkon ba ta ji sosai ba don rafi yana ƙara, ba ya cikin lissafi. Ya fara dariya, jakunkunan yashin suna motsi, nas ta zo ta kore ni. Ina bakin ƙofa ya ce, a hankali, yaron da ya ɗauki fanke biyu a gaban Petrine bai ji tsoro ba, ai ba a barin irinsa ya tafi arewa.

A masaukin matan ƙauye na kwana, kusa da tasha.

Washegari tun bakwai na wanke fuska, na kitse gashina, na fita. Ban san gidansu ba, tashar jirgin arewa kawai na sani, ita ma sai da na tambayi mutum uku, ni da ban iya tambayar baƙo hanya ba. Jirgin yana tsaye, baƙi, ya fi cocinmu tsawo. Ana ta loda buhuna da ganguna. Na tsaya kusa da tsanin shiga, inda ba wanda zai wuce ban gan shi ba.

Takwas da rabi ya iso, akwati a kafaɗa, ba lakataye. Da ya gan ni ya sauke akwatin a hankali. Ya tambaya ko wani abu ya sami Baba. Na ce Baba lafiya. Na haɗa duk ƙarfin da ke jikina, idona a kan maɓallin rigarsa.

"Saura biyu," na ce.

"Biyu me?"

"Tayi. Sau ɗaya ka yi. A wajenmu... sau uku ake yi."

Ya tsaya yana kallona. Ina gani abin yana shigarsa a hankali, tun daga fanken Goggo har gahawar jiya.

"Jiya a gidan abinci... yunwa kike ji?"

"Kamar in mutu."

Ya dafe kai. Kunnuwan suka fara ja tun daga ƙasa har sama. Wani mai lodi ya ce mu matsa mun tare hanya, ko shiga ko fita. Eilif bai ko dube shi ba. Ya cire hula, a gaban masu lodi da matafiya da tsuntsaye.

"Jorunn, za ki aure ni?"

Na rantse na yi niyyar in ce i. Amma abin da aka raine ka da shi ba ya fita a dare ɗaya.

"Kada ka wahala saboda ni," na ji bakina ya faɗa.

Mai lodin ya ajiye buhunsa ya ce wannan kam 'yar kwari ce, ɗan'uwa ƙara ɗaya, kada ka karaya. Eilif yana dariya, idonsa ya cika da ruwa. Ya kama hannuna biyu.

"Hasken idona, wahalar nan ita nake so har in mutu. Na uku ke nan, kuma jirgi yana jira. Za ki aure ni?"

"To," na ce. Saura kaɗan in ƙara da ɗan kaɗan, na cije leɓe. "To, Eilif. Duka."

Jirgin ya yi ƙara ya tashi ba shi. Muka tsaya muna kallonsa har ya fita tsakanin tsibirai zuwa wajen da ba gefe. Sannan ya ɗauki akwatinsa, ya ce kafin ya je ofis karɓar makulli, kafin mu je wurin Baba, akwai wata dattijuwa a bakin ruwa da take soya fanke da safe. Ya tambaye ni ko zan ci.

Na ce zan ci. Tun a tayin farko. Na ɗauki biyu.